Yadda Ma'aikacin Lafiya na Unguwa Zai Kula da Wanda Ya Fito daga Gidan Yari

Da wuya wata ya wuce wani abokin aiki bai tsare ni da tambayar nan ba: "Ɗan gidan wane ya fito daga gidan yari, mahaifiyarsa ta zo ta ce yana tari kuma ba ya barci. Ta ina zan fara?" Wasu masu tambayar ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi ne, wasu kuma 'yan shirin CHIPS ne masu bi gida-gida. Ga yadda nake yi, ɗaya bayan ɗaya, bisa abin da na saba da shi a Kano. Wanda ke Katsina ko Zariya ko Sakkwato sai ya sauya sunayen asibitocin da na garinsu.

Mako biyun farko bayan fitowa su ne aikin. A cikinsu magani ke yankewa, a cikinsu mai shan ƙwaya ke komawa ruwa, a cikinsu kuma mutanen gida ke yanke shawarar ko su rungume shi ko su tsangwame shi. Idan ka bari aka yi wata kafin ka leƙa, gyaran ɓarna za ka je yi.

Mataki na 1: Ka samu labarin fitowarsa da wuri

Babu wanda zai bugo maka waya daga gidan gyaran hali. Mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, fitarsu kuma ba ta da rana. Yau an kai mutum kotu, alƙali ya ba da beli ko ya sallame shi, daga nan sai gida, maganinsa na can a ɗakin da ya kwana. Haka abin yake idan babban jojin jiha ya kai ziyarar rage cunkoso, ko masu hali suka biya wa mutane tara a watan azumi. A watan Nuwamba na 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar da sakin mutum 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara. Irin wannan saki alheri ne, amma a guguwa ake yinsa.

Don haka kai za ka kafa kunnuwanka. Mai unguwa, limamin masallacin Juma'a, ungozoma da mai kemis na bakin layi duk suna rigan ka ji. Ka roƙe su su sanar da kai a asirce. Idan unguwarka na yawan samun masu fitowa, ka karɓi takarda daga shugaban asibitinku ka je ka gabatar da kanka ga jami'in walwala da ma'aikatan asibitin cikin gidan yarin, ko na Kurmawa ne ko na Goron Dutse. Ku yi musayar lamba. Wannan zuwa ɗaya zai rage maka wahala mai yawa a mataki na huɗu.

*Gargaɗi:* kada ka buɗe littafi ka rubuta masa "tsofaffin fursunoni" a bango. Littafi yakan faɗa hannun da ba a so. Ka rubuta shi cikin rajistar kowa da kowa.

Mataki na 2: Ka haɗa jaka

Na'urar awon hawan jini, ma'aunin zafin jiki, sikeli, na'urar gwajin suga idan asibitinku na da ita, kayan gwajin maleriya, robar karɓar kaki, takunkumi guda biyu (naka da nasa), safar hannu, takardar tura mara lafiya, da kati a waya. Sikelin nan mutane na raina shi don nauyin ɗauka, alhali shi ne zai nuna maka ko mutum na murmurewa ko ramewa yake ƙara yi.

Mataki na 3: Ziyarar farko, kafin kwana uku

Ka je kamar mai zuwa barka, domin barkar ce. Ka yi sallama, ka gaida babban gida, ka ce, "Baba, mun ji abin arziki, Allah Ya kiyaye gaba." In akwai hali ka bar farar riga a jaka, don maƙwabta na ganinta za su fara ƙirga cututtuka.

Bayan gaisuwa ka nemi ganinsa shi kaɗai. A zaure ko a inuwar bishiya, inda iska ke wucewa, ba a ƙuryar ɗaki ba. Idan mahaifiya ta nace sai ta zauna, ka ce, "Hajiya, a ɗan ba mu minti goma, maganar maza ce." Ba a cika musu da wannan ba.

Kada ka tambaye shi laifin da ya kai shi. Ba aikinka ba ne, kuma mutumin da ya sha tambayar 'yan sanda da ta kotu, da ya ji ta daga bakinka ya gama sa ka a layinsu. Ka faɗa masa ƙarara: kai ma'aikacin lafiya ne, ba ka kai rahoto wurin kowa, kuma in bai so ba za ka taɓa shi ba. In ya ce ba ya so, ka bar masa lambarka ka tafi, ka dawo bayan kwana biyu. Da yawa sai a zuwa na biyu suke sakin jiki.

In ya yarda, ka auna nauyi, zafin jiki, hawan jini da suga. Ka duba ido, harshe, tafin hannu, tsakanin yatsu da ƙafafu. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, ka sake shi wata rana kafin ka ce masa yana da hawan jini, domin fargaba kaɗai na iya ɗaga shi.

*Gargaɗi:* in mace ce ta fito, mace ce za ta je mata. Ta tambayi ranar al'ada ta ƙarshe, ta yi gwajin ciki in da buƙata, ta sa ta a awo. In ta fito da goyo, a duba katin rigakafin yaron a cike abin da ya tsallake. Tsangwamar da mace ke sha ta fi ta namiji, wata ma gidan miji ba ya karɓarta, don haka a fara tambayar inda take kwana.

Mataki na 4: Tambayar magani

Nan ne zuciyar aikin, kada ka yi sauri. Ka ce, "Akwai wani magani da ake ba ka a ciki kullum?" Da yawa ba su san sunan maganin ba, wani ma bai san sunan ciwon ba. Sai ka bi ta alamomi. Da safe ake sha kafin karyawa, kuma fitsari ya koma ja-ja? Wannan na tarin fuka ne, rifamfisin ke rina fitsari. Ƙwaya ɗaya ce a rana, aka ce masa har abada? Ka yi zaton na cuta mai karya garkuwar jiki, amma kada ka furta har sai shi ya furta. Yana faɗuwa ne aka fara ba shi? Na farfaɗiya. Ana yi masa allura duk wata, ko maganin na sa shi barci da taurin wuya? Na ƙwaƙwalwa.

Ka ce ya kawo maka duk abin da ya fito da shi, ko da ɓawon ƙwaya ne a aljihun wando. Ka ƙirga ragowar, ka rubuta ranar da za su ƙare, ka kuma rubuta ranar da ya sha na ƙarshe. Waɗannan ranaku biyu su asibiti za ta fara tambayarka.

In bai fito da kati ba, ka kira ma'aikatan asibitin gidan yarin ka nemi lambar rajistarsa, ranar da ya fara magani, da sakamakon gwaji na ƙarshe. Na taɓa yin sakaci da wannan. Wani matashi ya ce min "maganin tari" ake ba shi kuma ya warke, na ɗauka na mura ne, na wuce. Sai bayan wata uku da ya dawo yana kakin jini aka gano wata biyu kacal ya yi a kan maganin tarin fuka. Laifina ne, tambaya ɗaya ta launin fitsari da ta wadatar.

*Gargaɗi:* maganin farfaɗiya da na ƙwaƙwalwa ba a tsayar da su kwatsam. In sun ƙare, a ranar za ka kai shi asibiti, ba gobe ba. Kuma kada ka aiki yaro kemis ya sayo "irinsa".

Mataki na 5: Tarin fuka

Ɗaki ɗaya, mutane da yawa, taga ƙarama, abinci kaɗan: abin da tarin fuka ke so kenan. A ka'ida tarin da ya kai mako biyu ake zargi, amma ga wanda ya fito daga kaso ni ba na jiran mako biyu. Tari ko na kwana nawa ne, zufar dare, zazzaɓin yamma, rama, ko ɗaya na gani sai na karɓi kaki.

Ga yadda ake karɓa. Ya fita fili, nesa da yara. Ya kuskure baki da ruwa, ya ja numfashi mai zurfi sau uku, ya yi tari daga ƙirji. Kaki ake so, ba yawu ba. Ka rufe robar da kyau, ka rubuta suna a jikinta ba a murfi ba, ka kai cibiyar DOTS mafi kusa, wato inda ake ba da maganin tarin fuka, su za su tura inda ake da na'urar GeneXpert. Na'urar na nuna ko akwai cutar, tana kuma nuna ko ta bijire wa rifamfisin. Gwajin da maganin duka kyauta ne. In ba ka san cibiyar da ke kusa ba, kowace ƙaramar hukuma na da jami'in tarin fuka da kuturta, akwai kuma layin kyauta na 3340. A cikin birnin Kano, asibitin Zana ya daɗe yana wannan aiki.

Maganin wata shida ne: wata biyu na farko haɗin magani huɗu, wata huɗu na baya haɗin biyu. Ana sake gwajin kaki a ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida. Matsalar ita ce tun kafin wata biyu mutum ke jin ƙarfi, tari ya lafa, ya ce ya warke. Daidai nan ake fita daga gidan yari da rabin magani a bar shi. In ya riga ya yanke, kada ka ce masa ya ci gaba daga inda ya tsaya, kuma kada ka ce ya faro daga farko. Ka kai shi cibiyar da ranakun da ka rubuta, su ne masu hukunci. Wanda ya yi wata biyu a jere bai sha ba sai an sake masa gwaji.

Ka samo mutum ɗaya a gidan da zai riƙa kallonsa yana haɗiyewa kowace safiya. A gwajina ƙanwa ko mata sun fi aboki riƙe amana a nan. Sannan ka duba duk wanda ke kwana a gidan, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, don akwai maganin kariya da ake ba su. Ba sai an ware masa kwano da cokali ba, ta iska ake ɗauka. A buɗe taga, ya rufe baki in zai yi tari, ya guji kwana ɗaki ɗaya da ƙananan yara a makonnin farko.

*Gargaɗi:* jan fitsari ba komai ba ne. Amma ido ya yi rawaya, amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, a kai shi asibiti nan take. In mace ce mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ko mai ashanar hannu, a faɗa wa ma'aikaciyar tazara, domin rifamfisin na rage musu ƙarfi.

Mataki na 6: Garkuwar jiki da ciwon hanta

Ka yi masa tayin gwajin HIV kamar yadda kake yi wa kowa: "Duk wanda na duba ina ba shi shawarar ya yi." Kada ka tambayi abin da ya faru a ciki. In gwajin bai nuna komai ba, a sake bayan wata uku. In ya nuna, a asibitocin gwamnati maganin kyauta ne kuma ana iya farawa a ranar. Wanda dama yana sha ya yanke, ka raka shi da kanka, don kunyar komawa ce ke hana su fiye da kuɗin mota. In yana shan na tarin fuka a lokaci guda, dole ɓangarorin biyu su san da juna, saboda akwai ƙarin ƙwayar da ake yi masa.

Maganar matarsa fa? Shi zai faɗa mata, kai mai taimaka masa ne. Ka ba shi kororon roba tun ziyarar farko, ka yi masa tayin zama tare da su ranar da ya shirya. Dokar hana tsangwamar masu wannan cuta ta 2014 ta hana bayyana sirrin mutum ba da izninsa ba, kuma ko ba doka, a unguwa magana ɗaya ta fita ta gama zagawa kafin la'asar.

Ciwon hanta nau'in B na bin reza da askar da aka yi tarayya a kansu. Gwajinsa galibi biya ake yi. In gwajin ya nuna ba shi da ciwon, akwai allurar rigakafi sau uku cikin wata shida.

Mataki na 7: Maganar ƙwaya

Ka yi ta tun ranar farko, ko da ya rantse ya tuba. Ba wa'azi za ka yi ba, liman ya fi ka iyawa. Bayani ɗaya za ka ba shi: jikin da ya yi watanni bai samu tiramadol ko kodin ba ya manta da su. Adadin da yake sha a da ya miƙe ya tafi aiki, yau shi ne zai iya tsayar masa da numfashi. Abokai kuwa da shi suke yi masa marhabin a daren farko. Haɗa su da rochi ko diyazifam ko giya ya fi komai haɗari.

Ka koya wa mutum biyu a gidan alamomin: barcin da ake tashinsa ba ya tashi, minshari mai gurnani, numfashi jefi-jefi, leɓe ya yi toka-toka, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Su kwantar da shi a gefe ɗaya, su nemi mota zuwa babban asibiti, su faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha, don akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi. Tiramadol na kuma jawo jijjiga kamar farfaɗiya.

*Gargaɗi:* kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, huhu za su tafi. Kada a cusa cokali a bakin mai jijjiga. Kada a rufe shi a ɗaki a ce "bari ta sake shi".

Wanda ke son dainawa, akwai sashen ba da shawara a ofisoshin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa shiga hannu ba ya son jin sunan hukuma, don haka ni da asibiti nake fara masa tayi.

Mataki na 8: Fata da abinci

Ƙazwa ce ta fi yawa: ƙaiƙayin dare, ƙuraje a tsakanin yatsu, gwiwar hannu da mara. Ana shafa benzil benzowet ko fametirin daga wuya zuwa tafin ƙafa bisa umarnin da ke jikin kwalbar, kuma duk gidan a rana ɗaya, ba shi kaɗai ba. A wanke tufafi da zanin gado da ruwan zafi a shanya a rana. Ƙaiƙayin kan ci gaba mako biyu ko fiye bayan magani, kada a ɗauka bai yi ba. Man nan na kemis mai haɗe-haɗe yana kwantar da ƙaiƙayi ya bar cutar tana yaɗuwa.

Wanda ya daɗe a kan gabza ya fito a rame, uwa za ta so ta cika masa kwano da nama da maiƙo. Ki yi haƙuri, Inna, kaɗan-kaɗan sau biyar a rana ya fi. Kunun gyaɗa, wake, awara, ƙwai, zogale, busasshen kifi, duk suna cikin unguwa. Kumburin ƙafa da jin kamar ana soka allura a tafin ƙafa na iya zama ƙarancin sinadarin bitamin B, yana kuma iya zama zuciya ko ƙoda. Wannan na likita ne, ka tura.

Mataki na 9: Barci da tunani

Rashin barci, firgita da ƙarar ƙofa, zama shiru a ɗaki, saurin fushi: a makonnin farko ana ganin waɗannan, kuma da yawa suna lafawa in gida ya yi haƙuri. Abin da zai sa ka tura shi ne in ya daina cin abinci da wanka, yana jin muryoyi, yana zargin ana zuba masa guba, ko yana cewa gara ya mutu. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. In ya ce e, a kawar da fiya-fiya, maganin ɓera da igiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar. A Kano akwai Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, a Kaduna Barnawa, a Sakkwato Kware, a Borno kuma na tarayya da ke Maiduguri.

Iyali za su ce sammu ne ko iska. Ba na jayayya da su. Nakan ce a ci gaba da addu'a da ruƙiyya, a haɗa da na asibiti.

*Gargaɗi:* in ka ji ana shirin kai shi gidan mari, ka je wurin babban gida da mai unguwa ka yi magana. Abin da aka gani a gidajen da aka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019 ya isa. Mutumin da ya fito daga kulle ba ya warkewa da wani kullen.

Mataki na 10: Kuɗi

Ka rarrabe wa iyali tun farko. Kyauta: gwajin kaki, maganin tarin fuka, gwajin HIV da maganinsa, rigakafin yara. Na biya, galibi: kati, hoton ƙirji a wasu wurare, gwajin hanta da ƙoda, maganin hawan jini, suga, farfaɗiya da ƙwaƙwalwa, maganin ƙazwa. Sai kuɗin adaidaita sahu, wanda shi ke kashe zuwa asibiti fiye da komai. Kafin ka tura mutum, ka bugo ka tambayi ranar da likitan ke zama da abin da za a biya, don zuwa ɗaya a banza na iya zama na ƙarshe.

Ka bincika ko asibitin mazaɓarku na cikin shirin asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ke ɗaukar nauyin marasa galihu. A Kano hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ke yin rajistar, kuma akan nemi lambar NIN, don haka in ba shi da ita ka sa ya yi a makon farko. Kwamitin ci gaban mazaɓa, asusun masallaci da Hukumar Zakka da Hubusi su ma ƙofofi ne. In za ka nema masa taimako, ka ce "mara lafiya ne mara ƙarfi", ya wadatar.

*Gargaɗi:* kada ka fara biya daga aljihunka. Wata biyu za ka yi ka gaji, ka fara kauce wa layin gidansu.

Mataki na 11: Bibiya

A mako biyun farko ka je sau uku ko huɗu. Daga nan sau ɗaya a mako har wata ya cika, sai sau ɗaya a wata har wata shida, ko har ya gama maganin tarin fuka. Kowane zuwa ka ɗora shi a sikeli, ka ƙirga ƙwayoyin da suka rage da hannunka, ka duba ranar komawa asibiti a kati, ka tambayi barci.

Ka karɓi lamba biyu, tasa da ta wani a gidan, don da yawa suna fitowa ba waya. Ka kuma tambaye shi ko yana shirin tafiya, domin kunyar unguwa kan sa mutum ya ɗauki jaka ya nufi Legas ko Abuja ci-rani ba sallama. In tafiyar ta zama dole, ku je cibiyar DOTS ko asibitin da yake karɓar magani tare, a rubuta masa takardar canjin wuri, a ba shi abin da zai kai shi, ka ɗauki hoton katin a wayarka da izninsa. Wanda ke kan beli kuma, ka rubuta ranar komawarsa kotu kusa da ranar asibiti, ka ce ya sa katinsa da maganin kwana biyu a aljihu duk ranar da zai je.